'Yar Coci da Ɗan Gada

Ana yayyafi ranar da Twan Penders ya turo ƙofar shagon takardun kiɗa da ke bayan tashar jirgin ƙasa a birni. Ya tsaya yana karkaɗe ruwa daga hularsa. Budurwar da ke bayan kanta ba ta ɗago ba. Fensir ɗaya a bakinta, wani a bayan kunne, tana bin wata doguwar takarda da yatsa.

"Sannu da aiki. Nan ne ake gyara wa masu busa takardunsu?"

Ta ɗago, suka haɗa ido, kowa ya gane ɗan'uwansa.

A garinmu Elsrode mutum bai kai dubu biyu ba, amma ƙungiyoyin badujala biyu gare mu. 'Yan Coci masu koren kaya suna gwaji a zauren bayan coci, 'Yan Gada masu jan kaya kuma a benen gidan shayin bakin gada. Ba a zaɓa, a ciki ake haihuwar mutum. Ita Ilse ce, 'yar Huub Ramaekers shugaban 'Yan Coci, ta dawo ke nan bayan shekara shida a makarantar kiɗa. Shi kuma kafinta ne, mai busa ƙaho a 'Yan Gada. Firamare ɗaya suka yi, amma magana ba ta taɓa haɗa su ba.

Ta cire fensirin daga bakinta. "Ɗan Gada a shagonmu? Ɓatan hanya ka yi?"

"Da na san 'Yar Coci zan tarar, ai da na taho da rakiya."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Twan ya tsaya yana kallonta, har ya manta da jakar da ke hannunsa sai da ta nuna masa ita.

Ya zaro takardu ya baje a kan kanta. Na mahaifinsa ne, Baba Wiel, wanda ya shekara arba'in da biyar yana busa tuba, ƙaton ƙarfen nan mai muryar bajimi. Ciwon huhu ya kwantar da shi a hunturun da ya wuce, ya tashi amma numfashi bai dawo daidai ba. A kiɗan da za su kai gasar bana akwai wani dogon wuri da ba a shaƙar iska, kullum nan yake sarewa.

"Jagoranmu ya ce in ba a samu dabara ba, sai dai Baba ya zauna a gida," in ji Twan. "Ranar da aka raba shi da ƙarfen nan, ranar zai fara mutuwa. So nake ki buɗa masa wuraren numfashi, amma kada ya gane an taɓa."

Ilse ta daɗe tana duban takardar. Sannan ta dube shi, wani irin kallo daban da na farko.

"Ka san in babana ya ji na taimaki 'Yan Gada, sai ya cire sunana daga gidan?"

"Na sani. Ba zan ga laifinki ba in kin ƙi."

"Dawo ranar Alhamis."

Kwana uku ta yi a kan aikin. Duk inda tsohon zai shaƙi iska, ta ɗora sautin a kan mai busa na kusa da shi, yadda mai sauraro ba zai ji giɓi ba. Ta kwafi har 'yan alamomin da Baba Wiel ya yi da fensir, ta nannaɗe gefen takardar don ta yi kama da tsohuwa.

Ranar Lahadi da rana wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne daga Twan.

"Baba ya busa daga farko har ƙarshe bai tsaya ba. Ya dawo gida yana cewa ƙarfinsa ya dawo, har tuwon dankali kwano biyu ya ci. Ban san da bakin da zan gode miki ba."

Ta amsa: "Gode wa Allah, Ɗan Gada. Kuma ka goge lambata."

"Na yi ƙoƙari, wayar ta ƙi. Za ki sha shayi da ni ranar Asabar?"

Sai da ta ajiye wayar ta sake ɗauka sau uku kafin ta rubuta: "A tsallaken kogi. Inda ba mai koren kaya, ba mai ja."

Haka suka fara. Duk Asabar kowa ya hau kekensa ta hanyarsa daban, su haɗu a wani benci bayan gonakin tsallake. Da ya ji algaita take busawa, sai ya laƙaba mata Algaitata. Ita kuwa ba ta daina kiransa Ɗan Gada ba, sai dai yadda take faɗin sunan ne ya sauya.

Wata Asabar ta zo da wani kundi mai kauri a kwandon kekenta. Kiɗa ne nata na kanta, ta sa masa suna Cikar Kogi. Shekara huɗu tana rubuta shi, don bakin mutum saba'in, kuma ba ta taɓa jin sa daga bakin mai rai ba, sai a kwamfuta.

"Me ya hana ƙungiyarku ta busa?"

"Mu arba'in ne. Kuma Joris ya duba ya ce na yara ne. Baba ba ya iya karanta kundi gaba ɗaya, layin kakakinsa kawai ya sani, abin da Joris ya faɗa shi ke nan."

Joris shi ne jagoran 'Yan Coci, matashi ɗan birni mai mota da iya magana. Duk gari an san Baba Huub ya fi son ya gan shi a teburin gidansa, kuma shi ma Joris ɗin ba don kek ɗin Mama Riet, mahaifiyar Ilse, kaɗai yake zuwa ba.

Twan ya buɗe wurin ƙaho yana bi a hankali, yana ɗan rerawa a maƙoshi. Da ya kai tsakiya ya ɗago ya dube ta.

"Algaitata, wanda ya ce wannan na yara ne bai taɓa tsayawa a bakin kogi ba. Ara mini in duba sosai."

"Kai kaɗai fa."

"Ni kaɗai."

Ba a yi wata biyu ba wata mai kiwon dawaki ta gan su a bencin, kafin Lahadi magana ta zaga gari. A teburin abincin rana Baba Huub ya ajiye cokali.

"Duk samarin ƙasar nan, Ilse, ki rasa wanda za ki kula sai ɗan Wiel Penders?"

"Me ya yi maka, Baba?"

"Tambayi uwarki. Shekara talatin da suka wuce mun yi wata takwas muna shirya kiɗan gasa a ɓoye. Ranar gasa 'Yan Gada suka hau gabanmu suka busa shi ɗin dai, mu muka hau kamar masu kwaikwayo. Wa ya zauna kusa da ni a bikin ƙanwata yana ta cika mini kofi yana tambayata? Wiel! Mutanen nan ba sa kusantar mutum sai da dalili."

"Huub, abinci zai huce," in ji Mama Riet.

"Ya huce! Ke kuma ki rubuta ki ajiye, akwai abin da yaron nan yake nema a wurinki."

Ilse ta tashi ta bar teburin. Da yamma ta rubuta wa Twan: "Baba ya sani. Ya ce wani abu kake nema a wurina."

"Gaskiya ya faɗa. Ke nake nema, gaba ɗayanki."

Amma Twan ya riga ya yi wani abu da bai gaya mata ba. Ranar haihuwarta na matsowa, kuma ba abin da yake so kamar ta ji kiɗanta daga bakin mutane. Sai ya kwafi takardun, ya roƙi abokansa goma sha ɗaya daga 'Yan Gada, suka riƙa haɗuwa a shagon kafintarsa suna gwadawa. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauki gwajin a waya, daɗi ya kwashe shi ya tura wa matarsa. Matar ta tura wa yayarta, yayar kuwa tana auren Ɗan Coci.

Joris ne ya kawo wayar gidan Baba Huub. Ya kunna rabin minti kawai, ya kashe.

"Ban so in zama mai kawo wannan ba," ya ce yana kallon ƙasa. "Amma ana cewa shi za su kai gasa."

Ilse ta ga jajayen riguna a rataye, ta ga Twan a tsakiya da takardunta a gabansa. Baba Huub bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Na gaya miki," kuma wannan ya fi faɗa ciwo.

Ta ɗauki wayarta ta rubuta wa Twan: "Ka ce kai kaɗai. Tun daga takardar babanka dabara ce, ko? Kada ka sake nemana."

Amsa ta zo nan take: "Na karya alkawari, wannan laifina ne, ba zan kare kaina ba. Amma na rantse ba don gasa ba ne. Don ranar haihuwarki na yi. Ki ba ni minti biyar."

Ba ta ba shi ba. Ya je shago, ta shige ɗakin baya. Ya jira a benci Asabar uku, ba ta zo ba. Ranar haihuwarta ta wuce ba ta ko taɓa kek ɗin da Mama Riet ta gasa ba. Algaitar ma ta rufe ta a akwati.

Wata Talata da hantsi ƙararrawar ƙofar shago ta kaɗa. Wani ƙaton tsoho ya shigo yana haki, da kwali a hammata. Baba Wiel ne. Ya jawo kujera ya zauna ba tare da an ce masa ba.

"'Yar nan, bari in huta tukuna. Matakalarku ba ta da wurin numfashi, ba kamar takardarki ba."

Ilse ta ajiye fensirin hannunta, shi kuwa ya ci gaba.

"Shekara arba'in da biyar ina busa. Kina tsammani za a canja mini layi ban gane ba? Tun a gwajin farko na gane. Na yi shiru ne don yaron ya ji daɗi. Kuma aikin ya yi kyau, ko ni da kaina ban san nan ne ya kamata in shaƙa ba."

Ya tura mata kwalin. "Takardunki ne, duk kwafin da aka yi. Jagoranmu bai taɓa ganin su ba, ki kira shi ki tambaya. Kiɗan gasarmu kuwa ke kika fi kowa saninsa, tun da ke kika gyara."

Sai a lokacin abin ya faɗo mata. Ta yi kwana uku a kan kiɗan gasarsu da hannunta, amma fushi ya hana ta tuna.

"Ɗana wawa ne," in ji tsohon. "Ya ɗauki abin da ba nasa ba, na kuma gaya masa. Amma ba ɓarawo ba ne. Ya mayar da jar rigarsa, ya rataye ƙaho. Wai ba zai sake busawa ba tun da busa ce ta raba ku. Sati uku kujerarsa ba kowa, ni kuma ba don in zauna kusa da kujera aka gyara mini takarda ba." Ya miƙe da ƙyar. "Akwai faifai a cikin kwalin. Ki ji shi duka, ba rabin minti ba."

Da ta koma gida ta kunna shi a kicin. Mutum goma sha biyu ne kacal, wani na kuskure, wani na dariya, ana jin ƙarar zarto daga maƙwabta. Amma da ƙahon Twan ya ɗauki waƙar tsakiya, sai ta ji kogin da ta yi shekara huɗu tana ji a kanta shi kaɗai. Ta kifa kai a tebur tana kuka. A ƙarshe aka ji muryarsa: "Ku sake, don Allah. Dole ya yi kyau kafin ranar haihuwarta."

Ba ta san Baba Huub ya shigo daga gonar tuffa ba. Yana tsaye a bakin ƙofa da takalman aiki a ƙafa, abin da Mama Riet ba ta taɓa yarda da shi ba, amma yau ta ƙyale shi.

"Kiɗan wa ye wannan?" ya tambaya.

"Na 'yarka," in ji Mama Riet. "Wanda aka ce maka na yara ne. Wata da watanni yana gidanka, sai da 'Yan Gada suka busa maka shi a shagon kafinta."

Ya zauna a hankali. "Sake kunnawa."

Sau uku ya ji. A na ukun ya cire hularsa ya riƙe a gwiwa.

Ilse ba ta jira ba, ta hau keke. Ta tarar da Twan yana goge wani katako, ya rame, gemu ya fito. Da ya gan ta, abin gugar ya faɗi daga hannunsa.

"Mai sarewarku ya shigo da wuri a shafi na huɗu," ta ce. "Kai kuma ka ja waƙar tsakiya fiye da yadda na rubuta."

"Ki yafe mini, Ilse."

"Jan da ka yi ya fi nawa kyau, zan gyara. Amma ka saurare ni. In ka sake ɗaukar abina ba ka tambaye ni ba, ko don ka faranta mini ne, ba za ka ƙara ganina ba."

"Ba zan sake ba."

"Ni ma na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Je ka karɓo rigarka, Ɗan Gada. Babanka na jiranka."

Bai tafi ba. Ya goge hannunsa a riga, ya durƙusa a cikin garin katako. "To ga tambaya, tun da kin ce in riƙa tambaya. Algaitata, za ki aure ni?"

Ta rufe fuska da hannu biyu. "Sai ka fara aske gemun nan."

Saura Baba Huub. Shi ya fara kiran Joris, ya tambaye shi ko ya karanta kundin har ƙarshe. Kunya ta kama Joris, ya ce shafi uku ya duba, ya ga abin ya fi ƙarfin ƙungiyar, kuma bai so ya faɗi haka ba. Maganar gasa kuwa, ji ya yi ya ƙara gishiri. Ya je da kansa ya ba Ilse haƙuri, ta haƙura.

Ranar Lahadi bayan coci, Baba Wiel ya ƙwanƙwasa ƙofar Ramaekers da kek mai 'ya'yan itacen ceri a hannu, Twan na bayansa fuska a aske tas. Tsofaffin biyu suka zauna suna hararar juna.

"Kafin komai," in ji Baba Huub, "ka amsa mini. Kai ka kwashi sirrinmu a bikin ƙanwata?"

"Wane sirri? Huub, kai da bakinka ka hau kujera ka rera shi gaban mutum ɗari, har da taka rawa! Mu kuwa tun kafin nan muka saye shi, shekarar kowa shi yake busawa. Mu ma haushi muka ji da muka gane iri ɗaya ne."

"Ƙarya kake!"

"Gaskiya ne," in ji Mama Riet tana yanka kek. "Ni na sauko da kai daga kujerar."

"Shekara talatin, Riet, ba ki gaya mini ba?"

"Na gaya maka sau biyar. Ba ka ji ne."

Baba Huub ya sosa ƙeya. Baba Wiel ya fara dariya har tari ya sarƙe shi, sai ga Huub ya miƙe yana bubbuga masa baya yana cewa, "Kada ka mutu a gidana, tsohon banza, a ce mu muka kashe ka." Da tarin ya lafa, ya juya ga Twan.

"Kai. Ka iya busa, wannan ba musu. Amma jikokina kore za su sa."

"Ja!" in ji Baba Wiel.

"Su zaɓa da kansu," in ji Ilse, su biyun suka dube ta kamar ta yi saɓo.

An ɗaura auren a watan Mayu, tuffa na fure. Ilse ta ce sharaɗinta ɗaya, a busa Cikar Kogi yadda ta rubuta shi, kuma ba ƙungiyar da ke da bakin da zai isa ita kaɗai. Gwajin farko bai yiwu ba, awa guda aka yi ana gardamar wa zai zauna gaba, sai da Mama Riet ta rubuta sunaye ta zuba a tukunya aka yi ƙuri'a.

Bayan an fito daga coci, mutum tamanin da ɗaya suka zauna a dandali, kore da ja a cakuɗe. Joris ya miƙa wa amarya sandarsa ta jagorancin kiɗa. Ta hau akwati da farar rigarta, ta ɗaga hannu. Ango na cikin masu ƙaho. Baba Huub da kakakinsa, Baba Wiel da tubarsa, kowa na satar kallon ɗan'uwansa ko zai yi kuskure. Ba wanda ya yi. Da sautin ƙarshe ya mutu, sai tafi ya ɓarke a dandalin har tattabarun hasumiya suka tashi.

Fada, limamin cocin, ya ɗaga hannu ya sa musu albarka. Baba Huub ya matso, idanunsa jawur, ya kama hannun 'yarsa ya ɗora a na Twan.

"Na ba ka ita, kuma na daɗe ban san darajar abin da nake ba ka ba. Ka riƙe ta da kyau. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka."

"Masu dogon numfashi," in ji Baba Wiel.

Duk dandalin ya amsa da amin.